Ya ce kyautar da ya aiko mini ta maƙale a kwastan

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da na haɗu da wani a Facebook, wanda ya ce shi injiniya ne a wurin haƙar mai a tsakiyar teku. Har ya yi mini alkawarin aure, amma duk lokacin da na nemi mu yi kiran bidiyo sai ya ce sabis ba shi da ƙarfi. Yanzu ya ce ya aiko mini da akwatin kyauta, sai dai ni zan biya kuɗin kwastan. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki biya ko sisi, domin babu wani akwati, kuma wanda zai kira ki da sunan jami'in kwastan abokin cin mushensa ne. Da zarar kin biya na farko, za a ɓullo da kuɗin takarda, sannan tara, har sai abin hannunki ya ƙare.

Ba ke kaɗai aka ɗana wa wannan tarko ba. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ce a 2022 kusan mutum 70,000 ne suka kai mata ƙarar irin wannan damfara, kuma asarar ta kai dala biliyan 1.3. Aikin teku ko na soja da 'yan damfarar suke fakewa da shi ba banza ba ne, saboda shi ke ba su hujjar ƙin nuna fuska da ta neman taimakon gaggawa.

Ki saka hotonsa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya bayyana a intanet, mai yiwuwa ki tarar da shi ɗauke da wani suna dabam. Amma ko ya yarda da bidiyo gobe kada ki saki jiki, tunda yanzu ana iya ƙirƙirar fuska da murya da kwamfuta. A ganina ma'aunin da ba ya kuskure shi ne kuɗi: wanda ba ki taɓa gani ido da ido ba, idan ya nemi ki tura kuɗi, ko katin kyauta, ko kuɗin intanet na kirifto, ko ya ce ki karɓi kuɗi a asusunki ki miƙa wa wani, to ɗan damfara ne. Wannan na ƙarshen ya fi haɗari, domin asusunki za a bi idan bincike ya tashi.

Ki ɗauki hoton hirarrakinku, ki kai rahotonsa ga Facebook, sannan ki toshe shi ba tare da sallama ba. Idan kin riga kin ba shi bayanan banki, ki sanar da bankinki yau ɗin nan.