Amsar tambayarka kan duwatsun Abzin

Ɗana na ga saƙonka tun jiya, ban samu zama bane sai yanzu bayan isha'i. Kace ku da abokanka na jami'a zaku Agadas bayan jarabawa, daga can ku shiga gandun Ayar da Tenere yawon hawan dutse, kuma an ce maka ba'a shiga tsakanin duwatsun sai da sallama, ba'a ɗaukar komai a fito dashi, kana tambaya ko camfi ne kawai. Toh saurara.

Ni na bi hanyar nan shekaru ina yaron mota, mu Abzin muke ce mata. Gandun a 1988 gwamnatin Nijar ta killace shi, UNESCO ta sa shi a kayan tarihin duniya a 1991, amma Buzaye suna ciki da raƙumansu da awakinsu tun kakanni, kaga kenan gidan mutane zaka shiga. Sallamar gaskiya ce. Su suna cewa akwai Kel Esuf, mutanen ɓoye masu zama inda ba kowa, shiyasa ba'a ihu ko jifa cikin kogo musamman da magariba, kuma mu ma a gida ai ba'a watsa ruwan zafi da dare sai da bisimilla, meye wahalar assalamu alaikum a bakin musulmi?

Amma wanda yafi damuna shine ruwa. A Timiya akwai wajen da ruwa ke gangarowa daga dutse ya taru a kwari, zaka ganshi garau bayan ka sha rana ranka zai biya, to dan Allah kar ka shiga da sabulu. Irin waɗannan kududdufan na cikin dutse su makiyayi ke sha, su dabbarsa ke sha, wani sai yayi wuni yana tafiya kafin ya iso, na taɓa ganin wani direba ya wanke kwanon mai a bakin irinsu, dattijon da ke wajen bai ce masa uffan ba, kallonsa kawai yayi ta cikin amawali, wallahi har yau in na tuna ni nake jin kunyar. Ka ɗiba a jarka ka matsa nesa kayi wankanka.

Zanen duwatsu kuma ido kawai. A Dabus, arewa da Agadas ta hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa guda 2 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5, lokacin nan wajen ciyawa ne da ruwa. Kar ka taka, kar ka zuba ruwa wai don hoto ya fito, kar ka rubuta sunanka da makulli. Kan kibiya na dutse da zaka gani a yashi ma barshi inda yake.

Idan aka sauke ku a zango za'a ɗora shayi, kofi 3 ne, na farko da ɗaci, ka zauna har na ƙarshe ko da kuna sauri, kuma ka bari a gama gaisuwa duk tsawonta kafin ka fito da waya. Mata ba'a ɗaukarsu hoto sai an nemi izini.

Jagora ɗan ƙasa dole ne, in yace ba'a bi nan ba to ba'a bi, tsaunin Bagzan ya haura mita 2,000 kuma duwatsun duk kama suke da juna. Ku tambayi hukuma a Agadas halin tsaro kafin ku motsa, ku tafi da bargo don sanyin dare tsakanin Disamba da Janairu ba wasa. Ka riƙe sukari da ganyen shayi na masu masauki, ni kuma ka taho min da cuku da lemun Timiya. Ka gaida mahaifiyarka.