Ƙanena ya ce in turo kuɗi mu sayi fili a Kalifoniya

Tambaya: Ni ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari. Ƙanena da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ya samo fili eka 8, ya ce mu yanka shi fuloti 30, kuɗinmu zai ninka cikin shekara biyu. Ya ce majalisar birnin tana sake duba dokar filin shaƙatawa, don haka in turo kuɗin da wuri kafin doka ta canja. Me ka gani?

Alhaji, na karanta saƙonka sau biyu ina neman takarda ko da guda ɗaya, ban gani ba. "Ya ce" ne daga farko har ƙarshe. Kai da ba ka karɓar dila sai an kwance ta a gabanka ka ƙirga turmi ɗaya bayan ɗaya, yau za ka tura jarin shekaru ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, a kan maganar waya?

Ban ce ƙanenka macuci ne ba. Mai yiwuwa shi ma bai san abin da zai shiga ba. A Kalifoniya akwai dokar Quimby, wadda ta ba birane damar karɓar fili ko kuɗi daga mai yanka fulotan gidaje domin wuraren shaƙatawa: eka 3 ga kowane mutum 1,000, ta kai 5 a inda birni yake da filayen da suka kai haka. Fuloti 50 ko ƙasa da haka, kuɗi kawai ake karɓa, ba fili ba. To lissafa: gida 30, a ce mutum uku kowanne, mutum 90 ke nan, wajen kwatan eka zuwa kusan rabin eka. In birnin ya kimanta eka a kan dala 400,000, kana maganar dala 108,000 zuwa 180,000. Ba a zo kan tituna da magudanan ruwa ba, waɗanda su ma daga cikin ekar nan 8 za su ci. Ya sa wannan a lissafinsa?

Batun a yi sauri kuwa, shi ya fi tayar mini da hankali. Sayen fili ba ya tsayar da doka. Abin da kan kare mai gini shi ne takardar neman izini da birni ya karɓa a matsayin cikakkiya, kuma kafin a kai nan sai an biya injiniya da mai awo da lauya. Irin wannan gyaran doka ba wasa ba ne: da Los Anjalis ta gyara tata a 2016, har gidajen haya da a da kuɗin ba ya hawa kansu ta shigo da su.

Kada kuma ka ce kotu za ta cece ka. Wani mai suna George Sheetz ya biya gundumar El Dorado ta Kalifoniya dala 23,420 kuɗin gyaran tituna kafin a ba shi izinin kafa gida ɗaya tak. Ya kai har Kotun Ƙolin Amurka a 2024, kotun ta yarda a binciki irin wannan kuɗi, amma ba ta soke shi ba, ta mayar da shari'ar kotunan jihar.

Na taɓa zama da wani mai sayar da kayan gini da ya tura wa ɗan yayarsa kuɗi a kan irin wannan magana. Ya buɗe mini jakar leda, abin da ke ciki rasit ɗin tura kuɗi ne da hotunan fili cike da ciyawa. Sunansa ba ya kan komai. Shekara uku ana biyan harajin fili, ba a kafa ko turke ɗaya ba, kuma mahaifiyar yaron ta daina zuwa gidansa.

Ka kira ƙanenka yau. Ya turo maka lissafin duk kuɗaɗen da ofishin tsara birnin zai karɓa a rubuce, da daftarin sabuwar dokar, da takardar kamfanin da zai riƙe filin, mai nuna sunanka da kasonka. Ka ɗauki lauyanka na kanka a can, wanda ba shi ya zaɓo ba. Kafin waɗannan su iso hannunka, ko sisi kada ya fita daga Kwari.