Tambaya da Amsa: Gwangwanin Distiributa da Bawul ɗin EGR

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar mota ƙirar Amurka ta 1975, mai silinda takwas da kafireta. Wanda na saya a hannunsa ya toshe bawul ɗin EGR. Idan ina tafiya da ɗan totur sai injin ya riƙa ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano, amma da na taka sosai sai ƙarar ta ɗauke. An ce in cire tiyon da ke shiga gwangwanin distiributa in huta. In cire?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka cire tukuna. Ƙarar za ta ɗauke kam, sai dai motar za ta koma shan mai, injin kuma ya ƙara zafi.

Idan totur a ɗan buɗe yake, man da iskar da ke shiga silinda kaɗan ne, ba sa ci da wuri, don haka dole wutar filogi ta zo da wuri. Aikin gwangwanin ke nan. A cikinsa akwai roba da sifirin. Zuƙar injin tana jan robar, ita kuma ta juya farantin cikin distiributa, tayimin, wato saurin zuwan wutar filogi, ya ƙaru da digiri 10 zuwa 15, a wasu motocin shekarun 1970 har ya kai 20. Da ka taka totur ƙasa zuƙar ta faɗi, gwangwanin ya saki. Shi ya sa ƙarar taka take ɗaukewa a lokacin.

Shi kuwa EGR, wanda ya bazu a motocin Amurka daga 1973, bawul ne da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin manifol, wato bututun da ke raba mai da iska zuwa silinda, don ya rage zafin ƙonewa. Hayaƙin yana sa man ya yi jinkirin ci, saboda haka kamfani ya ƙara wa gwangwani tayimin don ya cike giɓin. Tare aka auna su. An toshe ɗaya, an bar ɗayan da tsohon awonsa, ga abin da kake ji.

Fara da tushe. Bari injin ya yi ɗumi, ka zare tiyon ka toshe bakinsa, ka haska fitilar tayimin a kan fuli, ka gwada da lambar da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashin bonet. Sannan ka ɗaga injin zuwa juyi 3,000 a minti. A yawancin irin waɗannan injuna digiri 32 zuwa 36 ake so, ba tare da gwangwani ba. Kashe injin, buɗe murfin distiributa, murɗa rota da hannu ka saki. Idan ba ta dawo da kanta ba, ƙarafan nauyin da ke ƙasanta sun cije ko sifirinsu ya saki.

Gwangwanin kuma a gwada shi da famfon zuƙa na hannu: ja har agogon famfon ya nuna zuƙar inci 15, ka ga farantin ya motsa, allurar agogon kuma ta tsaya cak na minti guda. In babu famfo, tsotsi tiyon ka toshe da harshe. Idan bai riƙe harshen ba, robar ta yage, kuma ta nan iska take satar hanya zuwa injin.

Maganin da ya fi shi ne a dawo da EGR. Injin yana silo, ka zuƙi bawul ɗin da famfo. Ya kamata injin ya yi gargada ko ya mutu. In ko gezau bai yi ba, gawayin hayaƙi ya cushe hanyar, sai a kwance a kankare. Akwai nau'in da ba ya riƙe zuƙa sai da matsin salansa, shi sai a ɗaga robarsa da yatsa, da safar hannu, don wurin da zafi. Idan bawul ɗin bai samu ba, sa gwangwani mai saiti ka taƙaita shi a digiri 10 zuwa 12.

Tambaya: Kafiretata tana da bakin tiyo biyu ƙanana. Wanne ne na distiributa?

Amsa: Ɗora yatsa a kan kowanne injin yana silo. Wanda ya kama yatsan shi ne na manifol, lafiyayyen injin yana ba da inci 17 zuwa 21 a nan. Ɗayan raminsa yana sama kaɗan da marfin totur, ba ya ja sai an taɓa totur. Motocin zamanin dokar hayaƙi galibi wannan na biyun suke amfani da shi, don a jinkirta wuta a silo, salansa ta yi zafi ta ƙone ragowar mai. Illarsa ita ce zafin injin a cunkoso, shi ya sa wasu ke da makunni mai jin zafin ruwa da ke juya tiyon zuwa manifol idan ruwa ya kusa tafasa. Duba ko naka yana aiki.

Idan komai na kamfani yana nan, bi zanen ƙarƙashin bonet. Idan ka koma manifol, silo zai hau, sai ka sauke shi da sukurun silo. Ka tabbata gwangwanin yana gama ja a inci 2 ƙasa da zuƙar silon, in ba haka ba injin zai riƙa hawa da sauka shi kaɗai.