Muryar amsa kan gasar sababbin masu zana filin golf

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan ja, wanda ba ya harkar golf ya wuce abinsa, ba komai. Ƙanena, taka ce wannan. Na ga abin da ka rubuto, ka ce ka ga sanarwar gasar sababbin masu zana fili a PGA Tour 2K, wasan golf ɗin nan na kwamfuta, ranka yana so, amma hotunan da mutane ke sakawa sun karya maka gwiwa, kuma ba ka san ta inda ake farawa ba. To ka shiga. Wannan kam babu ja. Abin da ya rage shi ne kada ka ƙarar da watanninka a kan abin da ba shi alƙalai ke dubawa ba.

Bari in ɗan yi wa sauran 'yan gida bayani, don na san wasu ban da ƙwallon ƙafa ba su taɓa komai. Wasan nan asalinsa wani ƙaramin kamfani ne, HB Studios, a wani gari na bakin teku da ake kira Lunenburg a Nova Scotia ta ƙasar Kanada. A 2014 suka fitar da The Golf Club, babu manyan 'yan wasa a ciki, abin da ya sayar da shi kawai shi ne kana iya gina filinka da hannunka ka saki kowa ya buga. Daga baya kamfanin wasanni na 2K ta shigo, aka yi 2K21 a 2020, a 2021 ma ta saye kamfanin gaba ɗaya, sai 2K23, sai 2K25. Wasan golf na kamfanin EA da ya fito a 2023 yana da Augusta, shahararren filin nan na Amurka, yana da kyan gani, amma babu wurin zana fili a cikinsa, shi ya sa masu zane duk suna wannan ɓangaren. Ita kuma gasar, ba kamfani ke shirya ta ba, 'yan wasa ne da kansu, irin mutanen TGC Tours, wani dandali na masu buga wasan a intanet. Alƙalan ma masu zane ne da suka daɗe a harkar, aikin sa kai suke yi. Ka riƙe wannan, don shi ne zai faɗa maka irin idon da zai kalli aikinka. Mutum ne da ya buga filaye har ya gaji, ba ya ruɗuwa da fure.

To hotunan da suka tsorata ka. Ƙanena, hoto fa an ɗauke shi ne da rana ta kusa faɗuwa, daga kusurwar da ta fi kyau, an ɓoye duk inda ya lalace. Alƙali kuwa sanda zai ɗauka ya bi ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya. Tun a rami na uku ya riga ya san ko akwai tunani a filin ko babu.

Cutar sabon shiga ita ce ado. Da ya buɗe wurin zanen sai ya kama dasa bishiya, ya jera duwatsu, ya kafa gada, ya sa kwale-kwale a tafki, rami na ɗaya ya yi kyau kamar me, wata guda ya tafi, saura 17 babu ko alama. Labule ne ake saye tun ba a haƙa tushen gida ba. Kai ka fara da ƙasa. Ƙasa tsirara, babu ko ciyawa. Ka ɗaga nan, ka sauke can, ka yi tudu da kwari masu faɗi, sannan ka tambayi kanka, in aka yi ruwan Agusta a nan, ina ruwan zai bi? In ba ka da amsa, ƙasar ba ta yi kama da ta Allah ba tukuna, kuma ido yana gane haka ko da mutum bai san dalili ba. Abin da ke tona asirin sabon hannu shi ne fili shimfiɗe kamar tabarma, sai 'yan ƙulle-ƙullen tudu a gefe da aka ɗora don kada a ce babu.

Akwai wani fili a jihar Nebraska ta Amurka, Sand Hills, an buɗe shi a 1995. Bill Coore da Ben Crenshaw ne suka yi shi. Mutanen nan yawo suka yi ta yi a cikin tuddan yashi har suka gano ramuka sama da 130 da ƙasar ta riga ta tanada da kanta, aikinsu ya zama zaɓen 18 da za su haɗu su zama tafiya ɗaya. Ƙasar da suka ture ba ta da yawa. Haka nake so ka yi. Ka gyara ƙasarka, ka hau sama ka kalle ta, ka nemo inda girin, wato lallausar ciyawar da ake kafa tuta a ƙarshen kowane rami, zai zauna da kansa, gindin tudu ne, ko kan wata 'yar doro, ko bakin rafi, sannan ka dawo da baya ka nemi inda za a yi bugun farko.

Sai jerin ramukan. Nan ne maki yake, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Kada ramuka biyar su bi juna suna kallon gabas, don iska za ta riƙa zuwa ta gefe ɗaya, wasan ya zama abu guda ana maimaitawa. Ka juya su. In an gama rami, wurin bugun na gaba ya kasance kusa, yadda mai tafiya a ƙafa zai isa ba tare da ya nemi mai babur ba. Na san a cikin wasan babu mai takawa, amma alƙalai suna kallon taswirar daga sama, suna kuma cire maki a kan wannan. Ramukan bugu uku, wato waɗanda aka ƙayyade a gama su da bugu uku, in guda huɗu ne, kada duk su zama tsawo ɗaya. Ɗaya gajere, ɗaya dogo da zai sa a ɗauki babbar sanda, biyu a tsakani. Kuma kada ka raina gajere. Rami na 12 a Augusta yadi 155 ne, na 8 a Royal Troon ta Sikotland yadi 123 ne kacal, amma sun sa manyan duniya sun riƙe kai. Jimillar bugu 72 da aka saba ƙayyade wa fili gaba ɗaya ma ba farilla ba ce. In ƙasarka 70 ta bayar ko 71, ka karɓa. Ita kanta 18 ɗin, St Andrews, tsohon filin nan na Sikotland, ramuka 22 gare ta kafin a mayar da su 18 a 1764, sauran duniya ta bi.

Afuwan, kira ne ya shigo ya yanke. Ina cewa... yauwa, wahala.

Sabon mai zane yana ɗauka fili mai wuya shi ne fili mai kyau. Sai ya matse hanya, ruwa a dama, daji a hagu, girin kamar faifai. To me ya rage wa mai bugu ya yi tunani a kai? Babu. Buga tsakiya ko ka mutu. Wannan jarrabawa ce, ba wasa ba. Ka je ka kalli rami na 10 a Riviera da ke Los Angeles, yadi 315, babu ruwa ko ɗigo. Mai ƙarfi yana iya kai ƙwallo girin da bugu ɗaya, amma girin ɗin siriri ne, a karkace yake, yashi ya kewaye shi, in ka kuskure ta dama ka shiga uku. Mai haƙuri sai ya ajiye ƙwallo can hagu, ya samu hanya a buɗe. Shekara da shekaru ƙwararru suna tsayawa a wurin suna shawara da masu ɗaukar musu jaka. Abin da ake nema ke nan, mutum ya tsaya ya ce, in yi kasada ko in bi a hankali? Ka ba da faɗi, amma gefen da ke kusa da haɗari shi ne zai ba da hanya mai daɗi zuwa tuta. A kowane rami ka iya faɗa min da baki, cikin jimla ɗaya, me ake tambayar mai bugu. In ka kasa, ramin bai gama nuna ba.

Na san za ka so ka yi girin a tsakiyar tafki, irin na 17 a TPC Sawgrass da Pete Dye ya yi. Kowa sai ya yi shi a filinsa na farko. Alƙalai sun gan shi har ya fita ransu. Ni dai da za ka bar shi da na fi so.

Ramukan yashi kuma, bonka, ba yawa ake so ba. Alister MacKenzie, wanda ya zana Augusta tare da Bobby Jones, likita ne, ya yi aikin likita tare da sojoji a yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, a can ya ga yadda mutanen ke haƙa maɓoya ta saje da ƙasa har ba a gane ta. Wannan idon ya kawo cikin golf. Da aka buɗe Augusta bonkar da ke cikinta ba ta kai 30 ba. Kowace ɗaya tana da aiki. Kai ma in ka sa bonka, ka haƙa ta ta nutse cikin ƙasa, ka ɗan ɗaga bayanta yadda mai bugu zai hango yashin tun daga nesa. Bonkar da aka shafa a kan ƙasa kamar fenti, ƙwallo ta gangara ta wuce ta cikinta, wannan maki ne ka zubar. Ka kuma lura da nisa. A wasan nan bugun farko yana kai kusan yadi 300, to bonkar da ke yadi 200 wa take tsoratarwa?

Girin, nan zan ɗan daɗe. Mu da muka taso muna ganin filayen da ake buga ƙarshen rami a kan baƙin yashi da aka cakuɗa da mai, a share shi ya kwanta sumul, idonmu bai saba da girin mai gangara da kwari ba. Dole ka koya wa idonka. Ka buɗe filayen gaske da ke cikin wasan, ka tsaya a kan girin ka kunna layukan nan masu nuna gangara, ka ga yadda ƙasar ke tafiya daga waje ta shigo ciki, ba wai an yanko wani abu an ɗora ba. Wasan yana ba ka wurin kafa tuta huɗu a kowane girin, na kwana huɗun gasa. To huɗun nan kowacce ta sauya yadda ake tunkarar ramin, kada ka jera su wuri ɗaya. Layukan kuma suna sauya launi gwargwadon gangara, daga kore zuwa rawaya har zuwa ja. Akwatuna taran da layukan suka zana a kewayen tuta su zama kore. Rawaya ko ja a gindin tuta, mutanen nan ba sa yafe shi, don ƙwallo ba za ta tsaya ba. Kuma ka sa saurin girin ɗin da kake so tun kafin ka fara sassaƙa, saboda in ka ƙara sauri daga baya, inda yake kore jiya sai ka tarar ya koma rawaya, aiki ya dawo sabo.

Sai ka gama duk wannan, ka buga filin tsirara ka ji yana da daɗi, sannan shuka. Akwai ma'auni a gefe da ke cika yayin da kake zuba kaya, in ka cinye shi a ramukan farko, na ƙarshe za su fito kamar an yi musu aski. Ka raba shi. Bishiya iri biyu ko uku sun isa, a tattare wuri-wuri, manya da ƙanana, yadda suke fitowa a daji, ba a layi kamar gandun gwamnati ba. Shawarata ta kaina kuma, wannan ra'ayi ne, kada ka kwaikwayi bakin tekun Sikotland da ba ka taɓa takawa ba. Masu yin sa sun yi yawa, kuma sun fi ka sanin sa. Kai ka san yadda duwatsun Jos ke hawa kan juna, ka san yadda Kufena ke tashi shi kaɗai a Zariya, ka san launin ciyawa in kaka ta wuce da yadda hazo ke cinye nesa. Ka ɗauki yanayin hamada ko na busasshiyar ciyawa a cikin wasan ka gina wannan. Alƙalin da ya buga filaye masu kama da juna a jere, naka ne zai tsaya masa a rai.

'Yan abubuwa na ƙarshe, da sauri. Ka karanta dokar gasar ta bana da kanka, wa ya cancanta, me aka hana, don tana sauyawa shekara zuwa shekara. Ranar rufewa da agogonsu take, ba namu ba, ka lissafa. Ka riƙa adana aikinka a kai a kai, ka san halin wutarmu, in a kwamfuta kake ka kwafi fayil ɗin ka ajiye wani wuri. Kuma in ka wallafa fili ya wallafu, ba a gyara shi, sai dai ka sake sakin wani. Don haka ka fara sakin na gwaji da wani suna, mu nan gida mu buga maka, har da waɗanda ba su iya ba, su ne ma za su jefa ƙwallo inda ba ka taɓa zato ba su gano maka ramin da ba a fita. Ka sa wa kanka ranar gamawa mako biyu kafin tasu.

In sakamako ya fito za su rubuta maka sharhi rami bayan rami, wani zai yi zafi, Turawan nan ba sa sakaya magana. Kada ka tsaya musu da su. Sharhin nan shi ne abin da ka shiga nema, don ba kullum ƙwararre zai zauna ya buga filinka kyauta ya faɗa maka inda ya karkace ba.

Yanzu aikinka na wannan makon: ƙasa da layin ramuka 18 kawai, ka ɗauko hoton daga sama ka turo nan, ka rubuta tsawon kowanne a gefe. In na ga bishiya ko ɗaya a ciki ba zan duba ba. Malam admin, a yi haƙuri da tsawon murya. Sai na ji ka.