Ki Karɓi Kazar, 'Yata

'Yata, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mun gode Allah da kika sauka Galmi ta ƙasar Nijar lafiya, aikin jinya kuma yana tafiya. Kin ce wata mata da kika yi jinyar ɗanta ta dawo daga ƙauyensu da kaza da ƙullin albasa. Kika dubi zanen jikinta duk ya koɗe, tausayi ya kama ki, kika ciro kuɗi za ki biya, nan take fuskarta ta canza. Shi ne kike tambaya ko daidai ne mai hidimar Ubangiji ya ci daga hannun wanda ba shi da shi.

Ki karɓa. Da hannu biyu, ki ɗan rusuna, ki sa mata albarka, ki tambayi lafiyar yaron da mutanen gida.

Hausawan Nijar da mu al'adarmu ɗaya ce a nan: ba a biyan kyauta. Ranar da ta kawo ɗanta asibiti, da roƙo ta zo. Wannan karon ta tako cikin rana ne domin ita ma ta tsaya gabanki da abin hannunta, sai kuɗinki ya mai da ita 'yar talla. Albasar ma ba ƙaramin abu ba ce, da ita aka san Galmi har ƙasashen waje, wato abin alfaharinsu ta kawo miki. In akwai yaron da ya ɗauko kayan, shi ake ba tukuici, ɗan kaɗan. In a kwano aka kawo, ba a mayar da shi wofi, amma kada ki cika shi ranar, sai ya zama ciniki. Ki bari a kwana biyu, ki sa sukari ko sabulu, in da hali ki kai da ƙafarki ki zauna a tabarmarta ki sha furarta.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. A Luka sura 10, da Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, ya hana su ɗaukar jakar kuɗi, ya ce duk garin da aka karɓe su, su ci abin da aka kawo musu. Da gangan ya aike su suna bukatar mutane. Ki kuma karanta 2 Korantiyawa sura 8, yadda ikilisiyoyin Makidoniya, cikin matsanancin talauci, suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu a gudummawa, suna murna. Roƙo fa suka yi! Mun haddace cewa bayarwa ta fi karɓa albarka, to don me za mu riƙe albarkar mu kaɗai, mu hana talaka rabonsa?

Aikin da kike ciki ma haka ya tsaya da ƙafafunsa. Turawa uku na farko na mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), ƙungiyar da ta kafa asibitinku, sun sauka Legas a 1893. Walter Gowans da Thomas Kent sun rasu a shekarar da ta biyo, Rowland Bingham kaɗai ya koma, kuma sai a 1902 suka samu kafa tasha a Patigi. Asibitin Galmi an buɗe shi a 1950. Muna girmama waɗannan mutane ƙwarai. Amma ƙauyukan da bishara ta shiga lungu-lungu, 'yan ƙasa ne suka kai ta, irin masu bisharar EMS, ƙungiyar aika 'yan ƙasa yin bishara, da aka fara aikawa tun 1948, kuma manoma ne suka ciyar da su. Na ga iyayenmu na Zumuntar Mata suna ware tafin hatsi kafin su kai niƙa, a tara a buhu, a aika wa mai bishara. Ranar kai buhun da waƙa ake zuwa, ana buga tulu, ana guɗa. Ba wadda ta ɗauki kanta matalauciya ranar.

Murnar da kika ce ta ba ki mamaki a ƙaramar majami'arku, mutane kaɗan amma waƙa kamar rufin zai tashi, daga nan take fitowa. Kowa ya san yana da abin da ya kawo.

Akwai lokacin da za ki sa ido, shi ne tsakiyar damina, Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba. Ko a lokacin kada ki ƙi kyauta. Ki dai sa ramuwarki ta fi nauyi, tiyar hatsi ko mai, a kai da yamma ba a idon jama'a ba. Yawancin maƙwabtanki Musulmi ne, in sun aiko da naman layya ki karɓa da fara'a, ranar Kirsimeti ke ma ki dafa shinkafa ki aika gida-gida, yadda muke yi a unguwarmu.

Matar nan kuwa, ki neme ta cikin makon nan. Ki gaya mata an yi miya da kazar, kin ci, ta yi daɗi. Gwaggonki tana gaishe ki, muna tuna ki a addu'ar safe.

Kawunki.