Tambaya da Amsa: Daga Yankari Zuwa Gashaka-Gumti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kaltungo, jihar Gombe. Na je Yankari sau uku, mun zaga daji a mota, mun ga giwaye da gwanki, mun yi wanka a Wikki. Yanzu ni da abokaina huɗu muna son zuwa Gashaka-Gumti a hutun ƙarshen shekara, domin mu hau dutsen Chappal Waddi, mu kuma ga biran nan da ake kira cimfanzi. Shin kwana uku za su ishe mu, kuma wane shiri ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwana uku ba za su ishe ku ba, kuma gara in faɗa muku haka tun yanzu da ku je ku dawo da ɓacin rai. Abin da kuka saba da shi a Yankari, wato a zauna cikin mota a bi gefen kogin Gaji har a ci karo da garken giwaye, ba shi za ku tarar a can ba. Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 a tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kusan ninki uku na Yankari mai 2,244, kuma ɓangarensa na kudu duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi, inda ƙafa kaɗai ke kai mutum.

Ku fara lissafi da hanya. Daga Kaltungo za ku bi ta Numan zuwa Jalingo, sannan Bali, sannan Serti inda hedikwatar gandun take, kuma wannan kaɗai zai cinye muku yini guda a tafiya, wani yinin a dawowa. Shi kuwa Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsayinsa mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi a ƙasar nan, yana kan iyakarmu da Kamaru, kuma hawansa aikin kwanaki ne da kwana a daji, ko ta cikin gandun aka bi ko ta ɓangaren Mambila.

Shawarata ita ce ku raba burin nan biyu. Mai neman ƙololuwar dutse sauri yake yi domin ya isa zango kafin duhu, mai neman dabba kuwa sanɗa yake yi, yana tsayawa yana saurare. Biran cimfanzi suna cikin kurmi, musamman wajen Kwano inda masu bincike suka daɗe suna nazarinsu, kuma sau da yawa baƙo kukansu yake ji da asuba, ko ya ga sheƙar ganyen da suka kwana a ciki a saman bishiya, ba tare da ya gan su ido da ido ba. A ganina wannan ma abin zuwa ne, domin wanda ya taɓa jin kurmi ya ɗauka da ihunsu ba ya mantawa. Idan Allah Ya sa kun gan su, kada ku matsa kusa kuma kada ku jefa musu abinci, saboda murar ɗan Adam tana kama su, har takan kashe su. Dorina da kada a kogin Kam, da ɓauna da mazo da tsuntsaye iri-iri, sun fi sauƙin gani. Da ni ne ku, zuwan farko sai in ba wa kurmi da kogi mako guda, in bar dutsen sai wata shekara.

Lokacin da kuka zaɓa ya dace, domin daga Disamba zuwa Maris koguna sun janye ana iya ƙetare su, ko da yake hazon hunturu yakan rufe duwatsun nesa. Kafin ranar tafiya, tunda kuna da tudun Tula a kusa, ku riƙa hawansa duk ƙarshen mako da jaka a baya, sanye da takalmin da za ku tafi da shi, kada ku sayi sabo ana gobe tashi. Ku tanadi rigar sanyi mai kauri, da riguna masu dogon hannu saboda tsando, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi, da tocila, kuma ku tafasa ruwan rafi kafin ku sha.

Ba a shiga gandun sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun daji, waɗanda suka san hanya da sawun dabba da halin tsaro na kowane yanki. Ku tuntuɓi ofishinsu na Serti tun kafin ku baro gida, ku ji kuɗin shiga da na ɗan rakiya da na masu dako, kuma ku shaida wa iyalanku ranar da za ku fito, domin da kun nutsa cikin dajin waya takan daina shiga.