Kar ka sake goge min karar tabarya

Na ga saƙonka tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Ka ce me ya sa na yi faɗa da ka gyara faifan hirar tarihin baka da muka ɗauka da tsohuwar nan, alhali kai a ganinka ka taimaka ne, ka cire ƙarar daka da carar zakara da shirun da ta yi, murya ta fito tas kamar ta gidan rediyo. To ɗana zauna ka ji, ba hannunka na raina ba, wallahi ka iya kwamfuta fiye da yadda na iya a shekarunka, amma abin da ka goge ɗin nan shi muka je nema.

Ka tuna wurin da take ba da labarin farin 1973, ta zo kan yadda suka sayar da saniyarsu ta ƙarshe sai ta yi shiru. Na duba, shirun nan ya kusa minti ɗaya, ba komai sai tabaryar jikokinta a bayan ɗaki suna lugude. Kai ka ga wuri ne da babu magana sai ka sa almakashi. Ni kuwa ina zaune a gabanta na ga abin da ya hana ta magana, kuma duk wanda zai saurara nan da shekara hamsin ba zai ga fuskarta ba, shirun nan kaɗai zai gaya masa nauyin abin, ga matar da ta ga rumbu wayam tana zaune tana jin ana dakan hatsi a gidanta. Da ka haɗe maganar gaba da ta baya sai ta zama kamar mai karanta labarai, ta sayar da saniya ta wuce abinta.

Kuma ita kanta ƙarar, tarihi ce. Ka zaga unguwarku ka gaya min gida nawa ake niƙa a dutse yanzu, injin niƙa ya zo waƙar niƙa ta tafi da dutsenta, lugude ma yana bin sahu. Baba ta Karo, tsohuwar da Baturiya Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, da hannu aka rubuta labarinta, kalmominta suna nan amma ba wanda ya san yadda take jan magana ko inda take dariya. Mu Allah ya ba mu na'ura, sai kuma mu mayar da murya ta koma kamar rubutu?

Amma kar ka ɗauka kowace ƙara nake so. Akwai ƙarar wuri akwai ƙarar sakaci. Janareta da fanka da firji da wayarka da ba ka kashe ba, waɗannan sakaci ne kuma tun kafin ka danna ake maganinsu, ba a kwamfuta ba, don in ka matsa wa manhajar gyaran sauti ta cire gurnanin janareta sai ta ci har da muryar, mutum ya koma kamar yana magana a cikin randa. Shi ya sa kake gani in mun shiga gida nake sa abin ji a kunne in yi tsit kafin in ce komai. Makirfo kamar taƙi ɗaya daga baki, ɗan gefe kaɗan saboda hucin numfashi, allurar ma'aunin ƙarfin sauti tana wasa wajen -12 dB don tsoho in ya tuna abin da ya sosa masa rai yakan ɗaga murya ba zato. Kullum ka ɗauka a tsarin WAV da ba ya matse sauti, saiti 48 kHz da 24-bit, ban da MP3. Da hunturu kuwa ko ka mance hularka kar ka mance rigar gashin makirfo, iskar nan in ta bugi faifai babu gyara. In an gama hira kowa ya zauna shiru minti ɗaya ka ɗauki ɗakin shi kaɗai.

Sai bakinka. Na ji ka a faifan kana ta eh, ƙwarai, Allah sarki, a kan muryarta. Na san ladabi ne, haka aka tarbiyyantar da mu, amma a aikin nan da kai ake amsawa da ido. In ta tsaya kar ka yi saurin cike wurin da tambaya, ka ƙirga goma a zuci, sau da yawa maganar da ta fi komai bayan shirun take fitowa. Kuma ka daina tambayar tsofaffi wace shekara, ba haka suke lissafi ba. Ka ce zamanin wane sarki ne, Abdullahi Bayero ko Sanusi ko Ado, an canza kuɗi zuwa naira ko tukuna, motoci sun koma hannun dama ko suna hagu. In ta ce bayan canjin kuɗi ne ka san daga 1973 ne zuwa sama, hannun dama 1972, sai ka rubuta a littafinka kai kaɗai ba tare da ka katse ta ba.

Abin da ba na wasa da shi ko kaɗan shi ne izini. Kafin komai ta faɗa da bakinta a cikin faifai ta yarda, kuma ta san inda muryar za ta je, rediyo ne ko ɗakin ajiya irin na Arewa House a Kaduna ko cibiyar tarihin baka ta CELHTO a Yamai ko wurin baje koli da baƙi za su saurara. In ta ce wannan kashe na'urar, ka kashe da gaske ta ga jar fitila ta mutu. Goro da sabulu da muke kaiwa gaisuwa ce, ba mu sayi labarin ba, shi ya sa nake komawa in kai wa iyali kwafinsu ko da shekara ta zagayo.

Gyara ba haramun ba ne, in za mu haɗa aikin saurare za mu yanka mu jera, amma a kan kwafi. Na asali ba a taɓa shi, wuri uku yake zama, kuma kar ka sake turo min ta WhatsApp yana matse sauti. Ina fatan ba ka goge katin na'urar ba tukuna. Ka dawo da shi yadda yake, ka saurari minti na 23 zuwa 25 da abin ji a kunne ido rufe, gobe bayan asuba za mu wuce Ƙofar Mata wajen masu bugun tufafi kafin gari ya cika da adaidaita, ka zo da batir takwas.